U-505: abin da ya kawo jirgin yaƙin Jamus gaɓar Afirka, da yadda aka kama shi ɗungurungum

"Assalamu alaikum Malam. Na ga hoton wani jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku, na Jamus, mai lamba U-505, an ajiye shi a wani gidan kayan tarihi a Amurka. A ƙasan hoton an rubuta wai kusa da Afirka ta Yamma aka kama shi a yaƙin duniya na biyu, kuma wai kamun nasa ne ya ba Amurkawa damar gano sirrin saƙonnin Jamus har suka ci yaƙin. Me ya kawo jirgin Jamus yankinmu? Ta yaya ake kama abin da ke yawo a ƙarƙashin ruwa ba tare da an nutsar da shi ba? Maganar sirrin nan kuma gaskiya ce?" Wani mai karatu daga Zariya.

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayoyi uku ka haɗa a ɗaya: me ya kawo shi, yaya aka kama shi, kuma me kamun ya haifar. Bari in ɗan taɓa ta ƙarshen tun yanzu don kada ka jira. Kamun gaskiya ne, wurin ma gaskiya ne, ranar Lahadi 4 ga Yuni 1944, kimanin mil 150 daga gaɓa, daura da inda iyakar Muritaniya da Yammacin Sahara take a yau. Amma wanda ya rubuta bayanin hoton ya juya labarin sirrin ne. Ba kama jirgin ya buɗe saƙonnin Jamus ba. Karanta saƙonnin da aka daɗe ana yi shi ne ya kai mafarautan yankin da jirgin yake. Zan dawo kan wannan.

Ni aikin ɗakin inji na yi a jiragen dakon kaya kafin in koma koyarwa, saboda haka idan ina karanta tarihin irin waɗannan jirage, idona ya fi zuwa kan bututu da bawul da batir fiye da kan lambobin yabo. Labarin U-505 kuwa, kamar yadda za ka gani, a kan waɗannan ƙananan abubuwa ya ƙare.

Wane irin jirgi ne

A Hambog aka ƙera shi, a masana'antar Deutsche Werft. An fara aikinsa a Yunin 1940, aka miƙa shi ga rundunar ruwan Jamus ranar 26 ga Agusta 1941. Samfurin da ake kira IXC ne, wato manyan da aka yi don tafiya mai nisa. Tsawonsa ya kusa mita 77, yana ɗaukar makaman tofido 22, wato bama-bamai masu gudu da kansu a cikin ruwa, yana da bututun harba su shida, huɗu a gaba biyu a baya, da kuma igwa a doronsa. Mutum hamsin da ɗoriya ke rayuwa a cikinsa, wata biyu zuwa uku ba wanka, ana karɓa-karɓar gadon kwana saboda gadajen ba su kai yawan mutanen ba.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, jiragen wancan zamani ba mazauna ƙarƙashin ruwa ba ne. Sun fi kama da kada fiye da kifi: nitso suke yi na ɗan lokaci, amma dole su taso su sha iska. A saman ruwa injinan dizal biyu ke tuƙa U-505, yana gudun kilomita 33 a awa, kuma da cikin tanki ɗaya zai iya cin fiye da kilomita 24,000 idan ya tafi a hankali. Da zarar ya nutse, dizal ya mutu ke nan, domin inji ba ya aiki ba iska. Sai a koma kan batir, gudun ya faɗo zuwa kilomita 13 a awa, shi ma na ɗan lokaci kaɗan. Ko da rarrafe yake yi, bai wuce ya ci kilomita 120 ba batir ya ƙare. To dole ya taso, ya kunna dizal na awoyi, ya yi caji. Duk wanda ya iya hana shi wannan tasowa cikin kwanciyar hankali ya gama da shi, ko bai harba masa komai ba.

Abin da ya kawo shi yankinmu

Hanyar abinci ce da hanyar makamai. Birtaniya tsibiri ce, ta teku take ci take sha, kuma bayan Italiya ta shiga yaƙin a 1940 hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari, jirage suka koma zagayo ta Afirka ta Kudu. Freetown ta Saliyo ta zama matattara: a nan jiragen da suka fito daga Indiya da Kudancin Amurka da tashoshin Legas da Takoradi ke haɗuwa su yi ayari, a rako su zuwa Ingila. Gyaɗar Kano da kuzar Jos da manja da koko duk ta wannan hanya suke bi. Akwai kuma wata hanya da ta ratsa ƙasar Hausa kai tsaye. Daga 1940 ana kawo jiragen saman yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi, a haɗa su a can, su tashi su bi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wadda ita ce Njamena ta yau, su wuce Khartum har Alkahira. Jirgin ruwan da aka nutsar kafin ya isa Takoradi, jirgin sama ne da ba zai taɓa sauka a Kano ba. Karl Dönitz, kwamandan jiragen ƙarƙashin tekun Jamus, ya san wannan lissafi, kuma samfurin IXC shi ne mai dogon numfashin da zai kai can ya dawo.

U-505 ya bar Kiel a Janairun 1942, ya zagaya ta arewacin Birtaniya ya isa Lorient a gaɓar Faransa, inda sansaninsa yake. Kwamandansa na farko Axel-Olaf Loewe ne. Ranar 11 ga Fabrairu suka nufo kudu, ba su koma ba sai 7 ga Mayu. A wannan fita sun nutsar da jirage huɗu tsakanin ruwan Saliyo da na Kwaddebuwa: Benmohr na Birtaniya da Sydhav na Nowe a farkon Maris, sai West Irmo na Amurka da Alphacca na Holan a ranakun 3 da 4 ga Afrilu. West Irmo nake so ka lura da shi. Kaya ya ɗauko zuwa tashoshin Afirka ta Yamma, kuma kamar yadda aka saba a lokacin, ya ɗebi 'yan dako daga gaɓar yankin suna tafiya tare da shi don sauke kaya tasha-tasha. Mutum goman da suka mutu a harin duk cikin waɗannan 'yan dako ne, 'yan Afirka. A yawancin labaran da ake bayarwa na U-505 ba a tsayawa a kansu, layi ɗaya ne a wuce.

Fita ta gaba, daga Yuni zuwa Agustan 1942, Karibiyan suka je. Sun nutsar da jiragen Amurka biyu, Sea Thrush da Thomas McKean, da wani ƙaramin jirgin iska na Kolombiya. A hanya ciwon afendis ya kama Loewe, aka dawo da jirgin, aka ba shi aikin ofis. Bakwai daga cikin jirage takwas da U-505 ya nutsar a rayuwarsa duk a hannun Loewe ne, cikin wata biyar na 1942. Ba don Loewe ya fi kowa gwaninta ba ne kawai. A wannan shekara jiragen kaya da yawa su kaɗai suke tafiya ba rakiya, jiragen saman sintiri ba su da yawa, kuma daga Fabrairu Jamus ta ƙara wa Enigma, injin da rundunar ruwanta ke ɓoye saƙonni da shi, faifai na huɗu mai ƙara rikita haruffa, masu karanta saƙonni a Ingila suka makance kusan wata goma.

Zamanin Zschech

Wanda ya gaje shi, Peter Zschech, matashi ne da bai wuce shekara 24 ba, ya fito daga U-124, jirgin da ya yi suna wajen nutsar da jirage. Ya zo da zumuɗin nuna kansa, kuma waɗanda suka yi aiki ƙarƙashinsa sun ce mutum ne mai saurin fushi da wuyar sha'ani. Ranar 7 ga Nuwamba 1942 ya nutsar da Ocean Justice na Birtaniya kusa da Tirinidad. Shi ne jirgi na takwas, kuma na ƙarshe. Jimillarsu kimanin tan 45,000 a ma'aunin jiragen ruwa. Daga nan U-505 bai ƙara nutsar da ko kwalekwale ba, alhali ya yi wata goma sha tara yana cikin yaƙi.

Kwana uku bayan haka, 10 ga Nuwamba, wani jirgin saman Birtaniya samfurin Hudson, wanda wani ɗan Ostireliya mai suna Ronald Sillcock ke tuƙawa, ya faɗo masu daga cikin gajimare. Ya yi ƙasa-ƙasa sosai, bam ɗinsa ya sauka daidai kan doron jirgin, bayan hasumiya. Ƙarfin fashewar ya tarwatsa shi kansa jirgin saman, mutum biyar da ke ciki duk suka mutu. U-505 kuwa doronsa ya yage, bututu suka tsinke, inji ɗaya ya tsaya. Zschech ya ba da umarnin a fice a bar jirgin, mutanen ɗakin inji suka ce a ba su dama. Suka yi ta toshe-toshe da ɗaure-ɗaure har jirgin ya iya ɗan nitso, suka ja shi ya ƙetare Atlantika ya shiga Lorient ranar 12 ga Disamba. Ana cewa babu jirgin Jamus na ƙarƙashin teku da ya taɓa komawa gida da rauni irin wannan.

Gyara ya ci wata shida, kuma a cikin watannin nan ne ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. A watan Mayun 1943 kaɗai Jamus ta rasa jiragen ƙarƙashin teku 41, har Dönitz ya janye sauran daga arewacin Atlantika ranar 24 ga watan. Dalilan sun taru ne lokaci guda: sabuwar na'urar rada mai hango jirgi daga nesa, wadda na'urar gargaɗin Jamusawa ba ta ji, fitila mai ƙarfi da jiragen sama ke haska jirgi da ita da dare, na'urar gano inda saƙon rediyo ya fito, ƙananan jiragen dakon jiragen sama da suka rufe tsakiyar teku, da kuma dawowar karatun saƙonni. Mashigin Biskay, wanda dole duk jirgin Lorient ya ratsa, ya zama mahaukaciyar hanya. Lokacin da U-505 ya fito daga gyara a Yulin 1943, yaƙin da ya sani ya riga ya wuce.

Sai kuma abin kunya ya biyo baya. Ya fita, jiragen yaƙin Birtaniya suka rutsa shi, tankin mai ya fashe, ya dawo bayan kwana 13. Ya sake fita ya dawo, ya sake fita ya dawo, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu kacal, kullum da sabuwar matsala: waldar da ta buɗe, na'urar lantarki da ta ƙi aiki, rami da aka samu an huda a tankin dizal. Jamusawa sun ɗora laifin kan ma'aikatan tashar, Faransawa, cewa zagon ƙasa suke yi, kuma babu shakka an yi zagon ƙasa a Lorient. Ramin da aka huda da gangan ba ya buƙatar tafsiri, domin jirgin da ke zubar da mai yana ja wa kansa layi ne a saman ruwa wanda matuƙin jirgin sama zai bi har inda yake. Amma a nan zan ja birki kaɗan. Na sha ganin walda da ta yi kyau a ido, ta buɗe da zarar ƙarfe ya ɗauki nauyi, ba tare da kowa ya yi mugunta ba, sai gaggawa da gajiya da ƙarancin kayan aiki. Jikin da bam ya taɓa murɗawa kuma ba ya komawa daidai. Ka gyara nan, can ya buɗe. Daga rubuce-rubucen da suka rage, ba mai iya raba maka kowace matsala ya ce wannan mugunta ce, wannan kuma tsohon rauni ne. A ganina duka biyun ne suka haɗu a kansa.

Ko ma mene ne, Zschech ne ya sha ba'a. A Lorient ana raha cewa akwai kwamanda ɗaya da kullum sai ya dawo gida lafiya, a daidai lokacin da abokansa ke fita ba sa dawowa. Ranar 24 ga Oktoba 1943, a yankin tsibiran Azores, jirgin na ƙarƙashin ruwa ana jin fashewar bama-bamai, Zschech ya harbe kansa da bindigarsa a ɗakin sarrafa jirgin, a gaban mutanensa. Mataimakinsa Paul Meyer ya karɓi ragama ya dawo da su Lorient ranar 7 ga Nuwamba. Bayanin abin da ya faru a ɗakin daga bakin ma'aikatan jirgin ya fito, wasu bayan shekaru masu yawa, don haka ban cika dogara da ƙananan bayanan ba. Ainihin abin dai ba a musu a kansa.

Mutane na son kiran U-505 jirgi mai baƙin jini ko mai rashin sa'a. Ni ban ga haka ba. Cikin mutum kusan 40,000 da suka yi aiki a irin waɗannan jirage na Jamus, kusan kashi uku cikin huɗu ba su koma gida ba. Lalacewar da ta riƙe U-505 a tasha a 1943 ita ce ta hana shi shiga cikin waɗanda aka hallaka a shekarar.

Kwamanda na uku, Harald Lange, dattijo ne a ma'aunin wannan aiki, ɗan shekara 40, tsohon matuƙin jiragen kasuwanci. An zaɓe shi ne don ya kwantar da hankalin mutanen da suka ga abin da suka gani. Fitarsa ta farko, a ƙarshen Disamban 1943, ta ƙare ne da ceto: ya tsamo sama da mutum talatin na wani jirgin yaƙin Jamus, T25, da Birtaniya ta nutsar a Biskay, ya kai su Brest ta Faransa. Ranar 16 ga Maris 1944 ya bar Brest ya nufo ruwan Saliyo da Laberiya, inda jirgin ya fara cin kasuwarsa shekara biyu baya. Wannan karon makonni ya yi yana yawo bai samu ko ɗaya ba. A ƙarshen Mayu ya juya gida, yana bin gaɓa, yawancin lokaci a nutse saboda jiragen sama, batir kullum a gajiye.

Ranar kamu

A ɗaya ɓangaren akwai Kyaftin Daniel Gallery na Amurka, da jirginsa Guadalcanal mai dakon jiragen sama, da jiragen rakiya biyar: Pillsbury, Pope, Flaherty, Chatelain da Jenks. Aikinsu ba rakiyar ayari ba ne, farauta ce zalla. A watan Afrilu sun nutsar da U-515 na Werner Henke, wanda shekara guda kafin nan ya nutsar da jirage bakwai daga ayari ɗaya tsakanin Takoradi da Freetown. Gallery ya lura cewa U-515 ya ɗauki mintoci a saman ruwa bayan mutanensa sun fara tsalle, kafin ya nutse. Sai ya ce, me zai hana a gaba a shiga a kama? Ya sa kowane jirgi ya ware rukunin mutane, su yi ta atisayen sauke kwalekwale da hawa jirgin abokan gaba. Wannan shi ne amsar tambayarka ta biyu: ba a ƙarƙashin ruwa ake kama shi ba. Tilasta masa ake yi ya taso, a firgita mutanensa su fice, a riga ruwa shiga cikinsa.

Sun bar Norfolk ranar 15 ga Mayu. Ofishin leƙen asirin rundunar a Washinton, mai karanta saƙonnin Jamus da bin sawun rediyonsu, ya sanar da su cewa akwai jirgi mai komawa gida ta wannan yanki. Sun yi kwanaki suna nema ba su gani ba, har mai ya fara ƙarewa, Gallery ya juya zuwa Kasabalanka. A kan wannan hanya ce, da misalin ƙarfe 11 na safe, na'urar sauraren Chatelain ta ji wani abu a ƙasa. Jiragen sama biyu samfurin Wildcat suka hango inuwarsa ta cikin ruwa, suka riƙa harbin wurin don nuna wa Chatelain inda zai zuba bama-bamansa.

Bama-baman ba su fasa ainihin jikin jirgin ba. Sun kashe wuta, sun maƙale ƙarfen da ke juya akalarsa, ruwa ya fara shiga ta baya, mutanen ɗakin baya suka rugo gaba suna ihun jirgi ya fashe. Lange ya ba da umarnin a taso. Shi ya fara leƙowa daga hasumiya, harsashi ya same shi, raunin da daga baya ya ci ƙafarsa. Meyer ya biyo shi, shi ma aka ji masa rauni. Cikin minti ɗaya ko biyu jirgin ya rasa manyansa biyu, kowa ya yi ta kansa. Dokar rundunarsu a fili take: kafin a fice a tayar da nakiyoyin da aka dasa don tarwatsa jirgin, a buɗe wa ruwa hanya. Ba a tayar da nakiyoyin ba. Abin da aka samu yi kawai shi ne wani ya cire murfin matatar ruwan teku. Aka bar injin lantarki yana aiki, jirgin yana ta kewaya wuri ɗaya ba kowa a ciki, har Chatelain ya zaci kansa ya nufo, ya harba masa tofido, Allah Ya sa bai same shi ba.

Bari in gaya maka mece ce matatar nan, domin na sha buɗe irinta. Kowane jirgi yana zuƙo ruwan teku don sanyaya inji da wasu ayyuka. Kafin ruwan ya kai famfo yana bi ta wata tukunyar ƙarfe mai raga a ciki, wadda ke tare ciyawa da ƙananan kifi da leda. Tana da murfi a sama da ake ɗaurewa da ƙusoshi. Ƙa'ida ta farko da ake koya wa yaron inji ita ce, kada ka kuskura ka taɓa murfin nan sai ka rufe bawul ɗin da ke tsakaninka da teku, ka kuma tabbatar ya rufu. In ba haka ba, teku ce za ta shigo maka, da ƙarfin da hannu ba ya iya tarewa idan jirgi ya yi ƙasa. Wanda ya buɗe ta U-505 ya san abin da yake yi. Kuskurensa ɗaya: ya ajiye murfin a nan kusa maimakon ya jefa shi inda ba mai samu.

Laftanar Albert David da mutum takwas daga Pillsbury suka bi jirgin da kwalekwale mai inji, suka yi tsalle suka hau yana tafiya. A doronsa suka tarar da gawar Bajamushe ɗaya, Gottfried Fischer, shi kaɗai ya mutu a ranar. Sauran 58 an tsamo su daga ruwa. David ya sauka ta hasumiya bai san ko akwai masu jiransa da bindiga ba, bai san ko nakiya na gab da tashi ba. Wani makanike cikinsu, Zenon Lukosius, ya ga ruwa na bulbulowa, ya laluba ya sami murfin, ya mayar ya ɗaure. Sauran suka yi ta miƙo takardu da injinan sirri sama, suna cire wayoyin nakiyoyi. A lokacin bayan jirgin ya riga ya nutse, ruwa na dukan hasumiya. Da an ƙara 'yan mintoci, da babu hoton da ka gani.

Jan sa ma wani aiki ne. Pillsbury ya matso don ɗaura igiya, fiffiken gaban U-505 ya farke masa ciki, dole ya ja baya. Guadalcanal da kansa ya ɗaura shi. Babban injiniyansa, Earl Trosino, ya shiga ya yi ta bin bututu yana gano wanne ne wanne a jirgin da bai taɓa gani ba, rubutun kuma duk da Jamusanci. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta caji: aka raba dizal da sandar farfela, aka ƙara gudun ja, ruwa ya riƙa juya farfela, farfela ta juya injin lantarki ya zama janareto, batir ya samu wuta, famfunan jirgin suka tashi suka zuƙe ruwan da ke cikinsa. Dakar ce tasha mafi kusa, amma aka hana su saboda tsoron idon 'yan leƙen asiri. Jirgin janwe mai suna Abnaki ya karɓe shi, suka isa tsibirin Bamuda ranar 19 ga Yuni. Tun 1815 rundunar ruwan Amurka ba ta kama jirgin yaƙin abokan gaba a tsakiyar teku ba sai ranar. An ba David lambar yabo mafi girma ta ƙasar, amma ciwon zuciya ya kashe shi a Satumban 1945 kafin a miƙa masa.

Maganar sirri

Injin Enigma tun 1932 masana lissafi na Folan, Marian Rejewski da abokansa, suka fara warware shi. Birtaniya ta ɗora a Bletchley Park, cibiyarta ta warware saƙonnin sirri. A Mayun 1941 sun kwashi takardu da inji daga U-110 kafin ya nutse. A Agustan shekarar U-570 ya miƙa wuya, har suka mayar da shi nasu. Kamun da ya fi kowanne tasiri shi ne na U-559 a Bahar Rum, a Oktoban 1942, inda sojojin ruwan Birtaniya biyu suka nutse tare da jirgin bayan sun miƙo littattafan da suka buɗe makantar da na ambata, a watan Disamba. Kafin Yunin 1944, da injinan da Amurka ta ƙera a Dayton ta jihar Ohio, saƙonnin jiragen Dönitz sun zama abin karantawa kusan kullum.

Shi ya sa babban kwamandan rundunar ruwan Amurka, Admiral Ernest King, bai yi murna ba da farko. Har ya yi tunanin gurfanar da Gallery a kotun soja. Da Jamus ta ji an kama jirgin da injinansa, da ta canza tsarinta gaba ɗaya, kuma wannan kwana biyu ne kafin saukar sojojin ƙawance a Nomandi ta Faransa ranar 6 ga Yuni. Abin da aka samu yana da amfani, ba a musu: injinan Enigma biyu, tsarin saitin watan da ake ciki wanda ya rage wa masu karatu wahala, littafin da ke ɓoye wuraren da jirage suke a taswira, da tofido mai bin ƙarar farfela wanda aka buɗe aka yi nazarinsa. Ƙari ne a kan abin da ake da shi, kuma an same shi ne bayan an riga an karya lagon jiragen Jamus da shekara guda.

Ɓoye labarin ya yi tsada, kuma fursunonin ne suka biya. Sojojin Gallery kusan 3,000 sun kama bakinsu. Aka sake wa jirgin fenti aka sa masa suna Nemo. Mutum 58 ɗin kuwa aka kai su sansanin Ruston a jihar Luwiziyana, aka ware su daga sauran fursunoni, aka hana su rubuta wasiƙa, aka hana Red Cross ganinsu, abin da ya saɓa wa yarjejeniyar Janiba ta 1929. Rundunar Jamus ta sanar da iyalansu cewa a ɗauka sun mutu. Sai bayan yaƙi iyaye da mata suka ji suna raye, kuma na ƙarshensu bai koma gida ba sai 1947. Na fahimci dalilin sojan da ya sa aka yi haka, amma keta doka ce, kuma bai kamata a ba da labarin jarumtar kamun a tsallake wannan ba.

Bayan yaƙi an zagaya da jirgin tashoshin gabashin Amurka don tara kuɗi, sannan aka yasar da shi a Portsmouth, ana shirin mayar da shi abin gwajin harbi. Gallery ɗan Shikago ne, shi da ɗan'uwansa, wani limamin coci, suka shawo kan gidan kayan tarihin kimiyya da masana'antu na birnin. Mutanen gari suka tara dala 250,000, aka jawo shi ta kogin St. Lawrence da manyan tafkuna, aka tsallakar da shi titi, aka buɗe shi ga jama'a ranar 25 ga Satumba 1954. Kayan cikinsa da yawa an riga an kwashe, sai kamfanonin Jamus da suka ƙera su tun farko suka aiko da wasu kyauta. Ya yi shekara hamsin a waje ruwa da ƙanƙara na cin sa, a 2004 aka shigar da shi wani ɗaki da aka haƙa masa a ƙasa, aka sake buɗewa a 2005; hoton da ka gani, in a cikin gini ne, daga nan aka ɗauke shi. Cikin jiragen ƙarƙashin teku fiye da dubu da Jamus ta ƙera a yaƙin, huɗu ne kawai aka adana a matsayin kayan tarihi: U-505 a Shikago, U-995 a Laboe kusa da Kiel, U-2540 a Bremerhaven, da U-534 a Birkenhead ta Ingila, wanda aka tsamo daga teku a 1993 aka yanka shi gunduwa-gunduwa don masu kallo su ga cikinsa.